Ina shan maganin damuwa: in nemi kulliyar likitanci ko in haƙura?

Wata ɗaliba ta rubuto daga Gadarif, a gabashin Sudan: "Assalamu alaikum Diktora. Shekarata 19. Mu mutanen Madani ne, yaƙi ya kawo mu gidan kawuna. Tun da muka taho nake fama da faɗuwar gaba da rashin barci da kuka ba dalili, har likita ya ce ciwon damuwa ne da firgita, ya ɗora ni a kan sertraline. Yau wata takwas ke nan, kuma na ji sauƙi ƙwarai. Na ci shahada, jarrabawar gama sakandare, da nisba mai kyau, wato maki mai yawa, Baba ba shi da zance sai na kulliyar likitanci. Ni ma ina so, amma tsoro nake ji. Ƙawata ta ce ba a ɗaukar mai shan irin wannan magani, in ma an ɗauke shi karatun zai haukata shi. Inna kuma ta ce in ajiye maganin kafin a fara, kada a ji a dakhiliyya, gidan kwanan ɗalibai. Me kika gani?"

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya sanya albarka a wannan nisba. Duk wanda ya san yadda 'yan shekarun nan suka zauna shahada, an ɗage ta fiye da shekara guda, makarantu sun zama wurin kwanan 'yan gudun hijira, ya san ba ƙaramin ƙoƙari kika yi ba.

Ki nema. Yadda kika kwatanta halinki ban ga abin da zai hana ki ba. Amma akwai sharuɗɗa, kuma zan fara da maganar Inna, don ita ce ta fi tayar min da hankali.

Na san ƙauna ce ta sa ta faɗi haka. Uwa ce, tana hango ranar da za a zo neman aurenki wani ya ce ai yarinyar nan maganin taɓin hankali take sha. Mu da muka tashi cikin jama'ar nan mun san bakin mutane, ba zan ce tsoronta na banza ba ne. Sai dai ajiye magani a daidai lokacin da za ki bar gida, ki faɗa cikin baƙin fuska, barci ya ragu, jarrabawa ta taso ki gaba, daidai yake da yaye rufin ɗaki ana gab da faɗuwar damina. Ƙa'idar da muke bi ita ce bayan mutum ya warware sarai ya ci gaba da sha aƙalla wata shida, jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ma wata tara zuwa goma sha biyu ta ce. Kuma ki lura, daga ranar da kika dawo daidai ake fara ƙirgawa. In kika cire makonni biyu zuwa shida da maganin ke ɗauka kafin ya kama jiki, kika cire watannin da kika yi kina farfaɗowa a hankali, za ki ga wata takwas ɗin nan bai kai ko'ina ba. Da a hannuna kike, da ba mu yi zancen ragewa ba sai kin gama shekarar farko a kulliya, mun ga yadda kika wanye da ita, sannan mu zaɓi lokacin hutu.

Wanda ya yanke sertraline rana ɗaya yakan ji jiri da tashin zuciya da munanan mafarkai, wasu su ce kamar lantarki ke jan su a ka. Mutane kan ɗauka alama ce jiki ya kamu da maye. Ba haka ba ne. Maganin nan ba ɗan gidan su tramadol da diazepam ba ne, ba ya sa maye, mai shansa ba ya kwaɗayin ƙari. Jiki ne ya saba, shi ya sa ake sauke shi kaɗan-kaɗan a hannun likita. Abin da ya fi jirin nan nauyi shi ne dawowar ciwon. Kusan rabin waɗanda suka taɓa yin ciwon damuwa sau ɗaya yakan sake waiwayarsu wata rana. Ban faɗa don in tsorata ki ba, gara ki shiga kina sane.

Maganar ƙawarki kashi biyu ce. Kashin farko, wai ba a ɗauka, ji-ta-ji-ta ce. Nisba da jerin zaɓin da kika cika a istimara, takardar neman shiga jami'a, su ke ba ki gurbi. Bayan nan ake gwajin lafiya da ganawa ido da ido. Abin da likita mai irin wannan gwaji ke son sani shi ne ko ɗalibi zai iya karatun, kuma ko za a amince ya tsaya kan majiyyaci, wanda kuwa yake kan magani ya daidaita ya cika wannan. Ki karɓi gajeriyar takarda daga likitanki mai cewa kina kan magani, kin samu sauƙi, ba abin da zai hana ki karatu. In ba a tambaya ba ta zauna a jaka. In an tambaye ki, musamman a rubuce, kada ki yi ƙarya, domin a wannan sana'a ƙarya a takarda ta fi kowane ciwo kayar da mutum. 'Yan dufa'arku, wato waɗanda kuka shiga tare, da 'yan ɗakinku kuwa ba ki da wajibin yi musu bayani. Mutum ɗaya mai riƙon amana ya isa. Da yake yawancin yaranmu idonsu na kan fita waje bayan sun gama, ki san cewa majalisar likitocin Ingila ta fitar da jagora tun 2013 tana cewa ciwon da ya shafi hankali shi kaɗai ba ya hana ɗalibi zama likita. Abin da ke jawo wa ɗalibi matsala a wurinsu shi ne ɓoyewa da ƙin bin magani.

Kashi na biyu, wai karatun zai haukata mutum, ta zuzuta, amma akwai ƙwayar gaskiya a ciki. A 2016 mujallar likitoci ta Amurka, JAMA, ta buga wani nazari da ya tattara bincike daga ƙasashe sama da arba'in a kan ɗaliban likitanci fiye da dubu ɗari. Kashi 27 cikin ɗari suna da ciwon damuwa ko alamominsa. Kashi 11 sun yi tunanin kashe kansu. A binciken da aka bi ɗalibai tun kafin su shiga, an ga alamomin sun ƙaru bayan an fara karatu, wato kulliyar da kanta tana da hannu. Sai dai a riƙa karanta alƙaluman nan da lura: yawancinsu daga takardun tambayoyi ne da ɗalibi ya cika da hannunsa, ba likita ne ya zauna da kowa ba. Sannan shekarun kulliya su ne dama shekarun da irin waɗannan cututtuka ke fitowa, don kashi uku cikin huɗu na cututtukan hankali kafin shekara 24 suke somawa, ko mutum likitanci yake karanta ko riɗi yake aunawa a kasuwa.

Adadin da ni na fi dubawa a nazarin nan shi ne na uku. Cikin ɗaliban da aka samu da alamun ciwon, kashi 16 cikin ɗari kaɗai suka nemi magani. Sauran sun yi gum. To ke kin riga kin tsallake wannan. Kin san yadda ciwon ke sallama a jikinki, kin san sunansa, kin san maganin da ya karɓe ki, kin taɓa zama gaban likita kin faɗi abin da ke cin ki. A aikina ba irinki ke hana ni barci ba. Wanda nake jin tsoronsa shi ne yaron da bai taɓa faɗuwa jarrabawa ba a rayuwarsa, ciwon ya same shi a shekara ta uku, ya rufe ɗaki ya ce malariya ce, ya daina zuwa anbar, ɗakin kwantar da majiyyata, ba wanda ya farga sai da sakamako ya fito.

Nauyin karatun nan ba ko'ina yake daidai ba, yana da wuraren da ya fi danna mutum, kuma sanannu ne.

Na farkonsu yana zuwa da wuri. Za ki shiga aji inda kowa shi ne na ɗaya a makarantarsu. Dole wani ya zama na ƙarshe, dole wani ya ɗauki mulhak ya dawo ya sake rubuta darasi ana hutu. Na sha ganin yarinya ta zo da takardar sakamako a ninke cikin tafin hannu, ta jiƙe da gumi, darasi ɗaya ta faɗi, amma maganar da ke bakinta ita ce ta ci amanar ubanta, ba ta da amfani, gara a ba wani gurbinta. Ciwon damuwa gwani ne wajen mayar da faɗuwa ɗaya ta zama hukunci a kan rayuwa gaba ɗaya. Tun yanzu ki sa a ranki cewa za ki faɗi wani abu a shekarun nan biyar ko shida, kusan kowa yana faɗuwa, manyan likitocin da kike gani da yawansu sun ɗanɗana mulhak.

Mashraha, ɗakin fiɗar gawa, ita ɗalibai suka fi tsoro tun daga gida, ita ce kuma ta fi saurin wucewa. Warin formalin zai sa ki hawaye, ya bi mayafinki har dakhiliyya. Wani zai yanke jiki ya faɗi ranar farko, galibi wanda ya fi cika baki. Ki karya kumallo kafin ki shiga, ki tsaya kusa da ƙofa, in numfashi ya fara sama-sama ki fita ki sha iska ki dawo. Firgita takan kai ƙololuwa cikin minti goma sannan ta sauka da kanta, ba ta kisa. Dawowar ita ce muhimmiya, don gudun wuri ke ciyar da firgita. Bayan sati biyu za ki ga kina hira a wurin.

Inda zan tsaya da ke sosai shi ne asibiti, saboda ke ba daga zaman lafiya kika fito ba. Duk wanda ya bar Madani a Disambar 2023 ya ga abin da ya gani a hanya. Ki tambayi kanki tsakani da Allah: kina mafarkin abin yana maimaituwa? Ƙarar raksha, babur mai ƙafa uku, ko bugun ƙofa na sa ki zabura jiki na rawa? Akwai zancen da in aka ɗauko shi kike tashi ki bar wurin? In haka ne, bayan ciwon damuwa akwai raunin da tashin hankali ke bari a zuciya, kuma ƙwaya ita kaɗai ba ta cika gamawa da shi ba. Yana son zama da masanin halayyar ɗan Adam, a bi abin da ya faru daki-daki har ya daina kama ki ba shiri. Dalilin da ya sa na matsa: a shekara ta huɗu za a kai ki hawadis, sashen gaggawa na asibiti, a ƙasar da raunin harsashi ya zama abin yau da kullum. Za a shigo da saurayi jini ya jiƙa jallabiyarsa, uwarsa na ihu a bakin ƙofa, babban likita ya miƙo miki safar hannu ya ce danna nan. Kina da shekara uku kafin wannan rana, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Na ga waɗanda suka yi wannan aiki da wuri suka zama su ne masu natsuwa a hawadis, har suna kwantar wa wasu hankali.

Akwai kuma murur, zagayen safe, inda wasu manya ke ganin tozarta ɗalibi gaban majiyyaci shi ne koyarwa. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan, amma yana nan, za ki gamu da shi. Sai imtiyaz, shekarar horon aiki a asibiti bayan gama kulliya, da nabatshiyya, kwana a tsaye a bakin aiki. Ga mai irin ciwonki rashin barci ya fi yawan karatu illa nesa ba kusa ba. Nazarin da mujallar nan ta buga a 2015 a kan likitoci masu neman ƙwarewa ya samu kusan kashi 29 cikin ɗari da alamun damuwa. Imtiyaz shekara ce mai iyaka, bayanta kuma likitanci gida ne mai ɗakuna da yawa. Fata, ido, hoton ciki, nazarin cututtuka a ɗakin gwaji, lafiyar al'umma, duk suna barin mutum ya kwana a gadonsa mafi yawan darare. Ba kowa ne zai zama mai fiɗa ba.

To wa nake ce wa ya dakata? Ba na duba sunan ciwo, halin da mutum ke ciki yau nake dubawa. Wanda cikin 'yan watannin nan ya yi yunƙurin hallaka kansa ko aka kwantar da shi, wanda har yanzu ake canza masa magani ana laluben wanda zai karɓe shi, wanda ba ya iya zama rabin sa'a a kan littafi ya tashi da wani abu a ka, wanda ke jin muryoyi ko yake ganin ana bibiyarsa, wanda ya dogara da ƙwaya ko sirop kafin ya iya wuni: waɗannan ina ce musu su ba kansu shekara. Jami'o'i sun san tajmid, ana daskarar da shekara a dawo. Yaƙin nan ya ci wa dufa'o'i shekara biyu ba da son ransu ba, ɗalibai sun watsu Bur Sudan da Atbara da Alƙahira, wasu har Ruwanda da Tanzaniya, ba wanda zai tsaya ƙirga wa wani shekara ɗaya.

Tambaya guda nake so likitanki ya yi miki in bai riga ya yi ba. Kin taɓa yin kwanaki a jere kina barcin sa'a biyu ko uku ba tare da gajiya ba, magana na zuba, dabaru na ta zuwa, kina jin ba abin da ya fi ƙarfinki? Akwai mai irin wannan a dangi? In akwai, lissafi ya canza, domin wannan ciwo ne mai hawa da sauka, sertraline shi kaɗai na iya tunzura shi, kwanan nabatshiyya kuma na iya tayar da shi. Masu shi suna zama likitoci, amma da shiri na daban. Mai shan lithium, ɗaya daga magungunan wannan ciwo, sai ana auna jininsa a kai a kai, kuma zafin ƙasarmu da ƙishirwa da gudawa na iya sa maganin ya taru a jiki ya zama guba. Valproate kuma, wani maganin nasa, muna kauce masa ga macen da za ta iya ɗaukar ciki saboda illarsa ga jariri. In ba a taɓa auna miki jini da maƙoƙo ba, a auna, don ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo suna kwaikwayon faɗuwar gaba da kasala.

Sai Baba. Kin ce ke ma kina so, na kuma yarda, amma 'yar shekara 19 da aka tashe ta ana kiranta Diktora tun tana firamare ba kullum take iya bambance muryarta da ta gida ba. Gani ya kori ji. Ki nemi wata 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya ko likita ta shigar da ke asibiti ko cibiyar lafiya sati ɗaya ko biyu. Gadarif ba ta rasa abin nunawa: malariya da damina, kala-azar da ta daɗe a yankin, kwalara da zazzaɓin denge da suka ɓarke bayan fara yaƙi. Ki ga layi, ki ji wari, ki ga an ce wa uwa a je a sayo ruwan ƙari a waje. In kika koma gida a gajiye amma kina son sanin yadda yaron gado na uku ya kwana, to abin naki ne. In kuwa kullum addu'arki a tashi, ki saurari wannan ma. Haɗa magunguna, haƙori, gwaje-gwaje, duk sana'o'i ne masu mutunci.

In nisbarki ba ta kai gurbin gwamnati ba har aka koma kabul khas na biyan kuɗi, ku yi magana a fili tun kafin a biya ko sisi. Ɗalibin da ya san an sayar da gona ko zinaren uwarsa a kansa yana ɗauke da kaya biyu, kuma irinsu ne ke ɓoye faɗuwa har abu ya lalace. Ki samu kawunki ya zauna da Baba, ya ji daga bakinsa cewa in an maimaita shekara ko an daskarar da ita ba ƙarshen duniya ba ne. Magana ce mai nauyi tsakanin 'ya da uba, shi ya sa na ce a bi ta kawu.

Wajen cika istimara, ni a wurinki kusanci ya fi suna. Kowa na son Khartum, makarantar da ta faro tun 1924, ko Jazira ta garinku. Amma Gadarif da Kasala suna da kulliyoyin likitanci, kuma wurin da za ki iya zuwa gida ranar Juma'a ki ci tuwon Inna, ga kantin magani da kika sani, ga likitan da ya san tarihinki, ya fi miki wurin da za ki zauna ke kaɗai a ƙasar waje. Likitocin ƙwaƙwalwa a Sudan tun kafin yaƙi ba su kai ɗaya ga mutum dubu ɗari ba, yawancinsu a Khartum suke, da yawa kuma yanzu suna Saudiyya da wasu ƙasashe. Saboda haka wanda kike da shi ki riƙe shi da kyau, ki tambaye shi ko zai riƙa bibiyarki ta waya. Ki haddace sunan maganin na asali da yawan miligiram ɗinsa, don sunan kamfani yana canzawa daga kanti zuwa kanti. Ki riƙa ajiye na wata biyu a gaba, hanya na iya rufewa ba sanarwa.

Wani tarko yana jiranki a shekara ta uku, lokacin da za ku karanta ilimin magunguna. Kowa sai ya zama likitan kansa. Za ki ga ana miƙa propranolol kafin jarrabawar baka, diazepam don barci, wasu har Lyrica. Ke kuma za ki ji kin isa ki ƙara ko ki rage naki. Kada ki taɓa. Likita ba ya duba kansa, mu ma da muka tsufa a aikin muna da masu duba mu.

Game da addu'a da ruƙiyya, ba na raba majiyyaci da malaminsa. Tijani al-Mahi, likitan ƙwaƙwalwa na farko a ƙasar nan, wanda asibitin Omdurman ke ɗauke da sunansa, da malamai ya yi aiki, bai ɗauke su abokan gaba ba. Manzon Allah (SAW) ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Ki yi azkar, ki yi istihara kan zaɓin nan. Iyakata biyu ce: malamin da ya ce ki zubar da magani, da wanda ke duka ko ɗaure mutum da sunan fitar da iska. Waɗannan ki nisance su. In wani ya ce miki ciwon nan raunin imani ne, ki bar shi da Allah, na yi jinyar mahaddata Alƙur'ani masu tsayuwar dare.

Abu ɗaya ba ya jiran ranar ganin likita. In tunanin cewa gara mutuwa ya fara zama a ranki, musamman in kin fara tunanin yadda za a yi, a ranar za ki gaya wa Inna ko kawu ko aminiyar nan taki, a kai ki hawadis mafi kusa, a kuma karɓi magungunan da ke hannunki a riƙa ba ki na kullum. Ga 'yan ƙasa da shekara 25 mukan ƙara sa ido a makonnin farko bayan an canza yawan magani, sama ko ƙasa.

Ranar da za ki koma wurin likitanki ki tafi da Inna. Ki bar ta ta yi tambayoyinta da bakinta, har da na aure da haihuwa, don su ne a ranta ko ba ta furta ba. Uwaye da yawa da suka shigo min suna harara sun koma su ne masu tuna wa yaran lokacin shan magani. Ki karɓo takardar nan a ranar, ku kuma rubuta tare alamomi biyu ko uku da ciwon ya fara da su a wancan karon, barci ne ya fara gudu ko abinci ko son zama cikin mutane, ki ba Inna kwafi ɗaya. In sakamakon kabul, wato ɗaukar ɗalibai, ya fito ki rubuto min inda aka tura ki.